Kafin Ka Sayar Da Kyamararka Don Komawa Ful-firem, Zauna Ka Yi Lissafi



Ɗaukar hoto ta zama ɗaya daga cikin sana'o'in da matasanmu ke rufa wa kansu asiri da su a nan Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba har Mile 12. Biki, suna, walima, taron siyasa, hoton kayan sayarwa na masu kasuwanci a intanet, duk za ka samu yaranmu a ciki, maza da mata. To, akwai wata magana da ke shiga bakin kusan duk wanda ya shekara biyu ko uku a sana'ar: shi fa sai ya koma ful-firem. Daga nan sai a fara cigiyar mai sayen tsohuwar kyamara, a shiga adashi, a je wajen yaya ko kawu neman ciko. Kuɗin da ake magana a kai masu nauyi ne, kuma sau da yawa ba na yaron kaɗai ba ne. Shi ya sa ya kamata a duba maganar da idon basira, domin mai sayen da kuma wanda za a je wa neman taimako.

Ra'ayina shi ne, ga mafi yawan masu ɗaukar hoton biki da suna, jikin kyamara ful-firem shi ne abin da ya kamata ya zo a ƙarshen jerin sayayya. Lans mai kyau, fitilar hoto, da hanyar kare hotunan mutane daga ɓacewa sun riga shi. Ga dalilaina.

Mu fara da abin da kalmar take nufi, don iyayenmu da ba sa cikin sana'ar su biyo mu. A cikin kowace kyamarar zamani akwai wani ɗan faranti da haske ke sauka a kansa bayan ya ratso ta lans. Shi ne ya gaji fim ɗin da masu hoton da ke sakawa, ana kiransa sansa. Idan aka ce ful-firem, ana nufin sansa mai tsawon milimita 36 da faɗin 24, daidai girman hoto ɗaya na tsohon fim mai milimita 35. Wadda ake ce wa kurof kuwa sansarta ba ta kai haka ba. Ta Nikon da Sony da Fujifilm wajen milimita 23.5 ce da 15.6, ta Canon kuma 22.3 da 14.9. Idan aka lissafa fili, babbar sansa ta ninka ƙaramar sau biyu da ɗoriya, tsakanin 2.3 da 2.6. Wannan shi ne tushen duk gardamar.

Masu son ful-firem suna da hujjoji uku, kuma duk gaskiya ne. Na farko, babbar sansa tana tara haske fiye da ƙaramar, don haka a wuri mai duhu hotonta ba ya saurin yin yashi-yashi idan aka ɗaga ISO. Idan kyamarorin biyu 'yan zamani ɗaya ne, ratar takan kai mataki ɗaya ko ɗan fiye: tsabtar da kurof ke bayarwa a ISO 1600, ful-firem za ta ba da kusan irinta a 3200. Na biyu, tana fi dusar da bayan mutum, wato fuskar amarya ta fito tas, abin da ke bayanta ya narke. Na uku, da lans iri ɗaya tana ɗaukar fili mai faɗi. Lans mai lamba 50 a kan ful-firem yana gani kamar yadda aka rubuta a jikinsa, amma a kan kurof ta Nikon sai ya matse ya koma kamar 75, a ta Canon kamar 80. Ba na musun ko ɗaya daga cikin waɗannan. Tambayata ita ce, nawa za ka biya don samunsu, kuma babu wata hanya mai sauƙi da za ta kai ka kusa da wurin?

Ɗauki maganar duhu. Yawancin waɗanda ke kukan hotonsu yana yin yashi a zauren biki, har yanzu da lans ɗin da ya zo a kwali suke aiki, wato 18-55. Wannan lans idan ka jawo shi zuwa 55, ƙofar haskensa ba ta buɗewa fiye da f/5.6. Ɗan ƙaramin lans 50mm f/1.8, wanda yake cikin mafi araha a wajen Canon da Nikon, yana shigar da haske kusan ninki goma na wancan. Kwatanta da kanka: sauya jikin kyamara zai ba ka ninki biyu da ɗoriya, sauya lans zai ba ka kusan goma, a kan kuɗin da bai kama ƙafar wancan ba. Mai Nikon yana da 35mm f/1.8 DX da ya fito tun 2009. Mai son lans mai ja da baya yana da 17-50 f/2.8 na Sigma ko Tamron, ko 17-55 f/2.8 na Canon, ko 18-35 f/1.8 da Sigma ta fitar a 2013 musamman don kurof.

Ga wani lissafin da ba a cika faɗa wa mai saye ba. Mutum ya tattara duk abin da yake da shi ya sayi jikin ful-firem, kuɗi suka ƙare, sai ya haɗa da lans 24-105 f/4. Abokinsa ya zauna da kurof ɗinsa ya sa mata 17-55 f/2.8. Lans ɗin abokin yana shigar da haske ninki biyu, don haka zai yi aiki da rabin ISO ɗin wancan. Ribar babbar sansa ta kusa ƙarewa ke nan, a wajen tsabtar hoto da wajen dusar da baya duka. Ful-firem ba ta nuna ƙarfinta sai an ɗora mata lans mai f/2.8 ko abin da ya fi shi buɗewa, kuma irin waɗannan, kamar 24-70 f/2.8 da 70-200 f/2.8, sau da yawa sun fi jikin kyamara na hannu tsada.

Sannan mu tuna irin hasken da ke wuraren bikinmu. Fitilu ja da shuɗi da kore suna yawo a fuskar mutane, ko kuma rumfa a tsakar gida da ƙwan lantarki ɗaya. Babbar sansa za ta ba ka hoto mai tsabta na fuska mai kalar shuɗi. Abin da ke gyara wannan shi ne fitilar hoto, irin su Godox da suka cika kasuwa, da sanin yadda ake harba haskenta a rufi ko bango ya dawo a tausashe, ko a ɗora ta a sanda da lema a gefe. Wanda ya iya fitila zai yi aiki a ISO 400 ko 800, inda ba kowane ido ke iya raba hoton kurof da na ful-firem ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Dusar da baya ma tana da iyaka a aikinmu. Tana da kyau a hoton amarya ita kaɗai, ko ango da amarya. Amma wane biki ne ake gamawa ba a jera dangin ango sahu uku ba? A nan idan ka buɗe lans sosai, na gaba za su fito, gwaggo da ke sahun baya ta dusashe, kuma ita ce za ta fara neman fuskarta a hoton. Dole ka tsuke ƙofar haske zuwa f/5.6 ko f/8. Mai ful-firem sai ya fi mai kurof tsukewa kafin kowa ya fito daidai, wato ya mayar da hasken da ya ci riba. A hoton taro, ƙaramar sansa ba ta da abin jin kunya.

Maganar faɗi kuwa, gaskiya ne ɗakunanmu na haya a Legas matsattsu ne, kuma ke ƙanwata da ke shiga ɗakin amarya ranar kamu ko sa lalle kin fi kowa sanin haka. Amma an daɗe da yin maganin wannan. Canon na da 10-18 na kurof, wanda ke gani kamar 16 zuwa 29 a ful-firem. Nikon na da 10-20, kamar 15 zuwa 30. Dukansu suna cikin masu sauƙin kuɗi. A ɗaya gefen kuma matsewar nan riba ce ga mai ɗaukar abu daga nesa. Wanda ke tafiya gida ɗaukar hawan sallah a Kano ko Katsina ko Zariya, ko yake zuwa Ijebu Ode ranar Ojude Oba bayan babbar sallah, lans ɗinsa mai 200 zai jawo masa doki kamar 300 a Nikon, kamar 320 a Canon, ba tare da ya kutsa gaban dawaki ba.

Yanzu mu zo kan kuɗin da ke ɓoye. Wanda ke da Canon kurof da lans masu alamar EF-S, ya sani cewa ba sa hawa kan ful-firem masu madubi irin 5D da 6D. An ƙera su ne yadda ba za su shiga ba. Na Nikon masu alamar DX suna hawa, amma kyamarar za ta yanke gefen sansar ta yi aiki da tsakiya kawai. D750 mai megafiksil 24 sai ta koma ba ka kusan 10. Ka biya kuɗin babbar sansa, ka dawo kana aiki da ƙarama. Wato ranar da ka sauya jiki, ranar ce za ka fara sayen lans daga farko. Kuma duk waɗannan kaya daga waje ake shigo da su. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a cikin 2024 ta haura 1,500. Kuɗin ɗaukar biki bai ninka haka ba. Duk wanda zai yi wannan sauyi yanzu, da tsadar dala zai saya, da kuɗin mai suna zai biya.

Akwai kuma nauyi. Lans 70-200 f/2.8 shi kaɗai ya kusa kilo ɗaya da rabi, jikin 5D Mark III ya kusa kilo ɗaya. Ka rataya wannan daga ɗaurin aure da safe zuwa liyafar dare, sannan ka hau babur ko danfo da shi a cikin jaka. Idan tsautsayi ya faɗa, faɗuwa ko sata ko ruwan sama, asarar ta tafi da jarin gaba ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne irin ful-firem ɗin da masu ƙaramin ƙarfi ke ƙarewa da ita. Tunda sabuwa ta fi ƙarfin aljihu, sai a nufi Computer Village a Ikeja ko shafukan saye da sayarwa a nemi tokumbo mafi araha. Yawanci abin da ake samu shi ne 5D Mark II ta 2008 ko 6D ta 2012. Kyamarori ne da suka yi suna a zamaninsu, har yau kuma suna fitar da hoto mai kyau idan mutum yana tsaye. Amma 5D Mark II wuraren kama fokas 9 gare ta, 6D kuma 11. Kurof irin 80D ta 2016 tana da 45, 7D Mark II ta 2014 tana da 65, Nikon D500 ta 2016 tana da 153. Lokacin da amarya ta shigo fili ana rawa ana liƙi, wa kake ganin zai fi kama fuskarta? Hoton da fokas ya kuskure, girman sansa ba ya ceto shi. Sau da yawa wanda ya bar kurof ta shekarun baya-bayan nan ya koma tsohuwar ful-firem, ya ci gaba ta fuska ɗaya ne ya koma baya ta fuska biyu.

Haka nan kyamara mai madubi tana da marfi a ciki da ke ƙyaftawa duk lokacin da aka ɗauki hoto, kuma yana da iyakar da kamfani ya gwada shi a kai. Na 6D sau 100,000 ne, na 5D Mark III da D750 sau 150,000, na 7D Mark II da D500 sau 200,000. Wasu na wuce haka, wasu ba sa kaiwa. Kyamarar da wani mai hoton biki ya yi shekaru yana aiki da ita a Turai ko Amurka kafin ta iso nan, ta riga ta ci rabonta. Duk mai sayen ta hannu, ful-firem ce ko kurof, ya sa a duba masa adadin ƙyaftawar kafin ya miƙa kuɗi. Ya kuma haska cikin lans da tocilan, domin damshin Legas yana sa fumfuna ta yi saƙa a cikin gilashi.

Sai babbar magana, wato amanar hotunan mutane. Ɗaurin aure sau ɗaya ake yinsa. Idan katin memori ya lalace bayan biki, babu wanda zai sake tara dangi daga Sakkwato da Maiduguri don ka gyara kuskure. Maganin wannan shi ne kyamara mai ramin kati biyu, wadda ke rubuta kowane hoto a wuri biyu a lokaci guda. Wannan bai da alaƙa da girman sansa. 6D da 6D Mark II da EOS RP da Nikon Z6 ta farko duk ful-firem ne, duk kati ɗaya suke ɗauka. D7200 da 7D Mark II da Fujifilm X-T3 da Canon R7 duk kurof ne, duk kati biyu suke ɗauka. Wanda ya sayar da D7200 ya sayi 6D ya sayar da kwanciyar hankalinsa. Haka kuma wanda ke da kyamara ɗaya tal, ya sayar da ita ya ƙara kuɗi ya sayi wata ɗaya tal, har yanzu idan ta tsaya a tsakiyar biki shi ke nan. Kurof biyu a jaka sun fi ful-firem ɗaya amfani ga mai karɓar kuɗin mutane kafin aiki. Sunan mai hoto a unguwa da wuya ake gina shi, biki ɗaya da hotuna suka ɓace ya isa ya rushe shi.

Wani zai ce, ai masu biki na kallon girman kyamara, kuma manyan ayyuka ba sa zuwa wa mai ƙaramar na'ura. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, musamman idan mutum yana neman aiki a ƙarƙashin babban situdiyo da ya ƙayyade irin kayan da za a zo da su. Amma uwar amarya ba ta san milimita 36 ba. Abin da ta sani shi ne 'yarta ta yi kyau, lallen ya fito, kalar leshi ba ta sauya ba, an kawo albam ranar da aka yi alkawari. Kuma a ina hotunan ke ƙarewa? Mafi yawa a WhatsApp da Instagram da Facebook, waɗanda ke matse hoto su rage shi kafin kowa ya gani a waya. Na bugawa kuwa, kyamara mai megafiksil 24 tana fitar da ɗigo 6000 a kwance 4000 a tsaye, wanda ya isa a buga inci 20 da 13 a kan ɗigo 300 kowane inci. Ya wadatar da albam da firem ɗin falo. Canon 5D ta farko da ta fito a 2005, wadda masu hoton biki a duniya suka yi shekaru suna cin abinci da ita, megafiksil 12.8 gare ta. Kurof irin 90D ta 2019 tana da 32.5.

Akwai wani dalilin na yin haƙuri. Tun 2018 Canon da Nikon suka fito da sabon tsarin kyamara marar madubi, RF da Z, bayan Sony da ta fara ful-firem marar madubi da A7 a 2013. Can ne sababbin kyamarori da lans suke fitowa yanzu, masu bin idon mutum da kansu. Tsofaffin lans na EF suna aiki a kan RF da adafta, yawancin na Nikon F ma haka a kan Z. Ma'anar wannan ita ce kuɗin da ka sa a lans mai kyau zai bi ka duk inda ka koma, kuɗin da ka sa a tsohon jiki kuwa kullum raguwa yake. Idan kana da niyyar komawa ful-firem wata rana, fara da sayen lans na ful-firem, irin 50mm ko 85mm f/1.8 ko 70-200, ka riƙa amfani da su a kan kurof ɗinka tun yanzu. Ranar da jikin zai zo, ya tarar da gida a shirye.

To, wa ya kamata ya saya? Wanda ya riga ya mallaki lans biyu ko uku na ful-firem masu buɗewa sosai, yana da fitila ya kuma iya ta, yana da kyamara ta biyu da rumbun ajiyar hotuna, kuma aikinsa yana kai shi inda ba a yarda a harba fitila ba, ko yana ɗaukar bidiyo da dare, ko hoton talla da za a buga da girma. Irin wannan idan ya sayi D750 ko 5D Mark III ko Sony A7 III ta 2018, duk masu kati biyu, zai ga bambanci a aikinsa, kuma aikin zai biya kuɗin. Shi ba ni da ja da shi. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Kai ƙanena da ke wannan tunani, ga gwaji mai sauƙi. Buɗe hotunan bukukuwa biyar na ƙarshe da ka ɗauka, ka ware waɗanda suka lalace, ka rubuta dalilin kowanne. Fokas ne ya kuskure? Hannu ne ya girgiza? Haske ne ya zo ta baya? Kala ce ta gurɓace? Ko kuwa ka buɗe lans mai f/1.8 har ƙarshe, ka yi duk abin da ya dace, yashi ne kawai ya ɓata hoton? Na ƙarshen nan ne kaɗai ful-firem ke magani. Idan ma kana kokwanto, ari ko hayar ful-firem na biki ɗaya, ka ɗauka da ita da taka, ka tura wa wanda bai sani ba ya ware maka. Abin da za ka kashe a hayar bai kai abin da za ka yi asara a sayayyar gaggawa ba.

Ku kuma iyaye da yayye da za a zo wa neman ciko, kada ku hana, domin sana'a ce mai kyau kuma tana ciyar da gida. Amma ku yi tambaya kafin ku bayar. Wane lans zai ɗora a kai, kuma yana da shi? Kati nawa take ɗauka? Idan ta tsaya ranar biki, da me zai ƙarasa? Biki nawa zai ɗauka kafin kuɗin su dawo? Yaron da ya amsa waɗannan ba tare da in-ina ba, ya san abin da yake yi, ku taimake shi. Wanda amsarsa ita ce wane ma ita yake riƙewa, ku saya masa lans da fitila da katin memori na gaske, ku ce ya dawo bayan shekara ɗaya da hotunan da ya ɗauka da su. Daidai ruwa daidai tsaki.

Allah ya sa albarka a sana'o'in matasanmu, ya kare su daga asara.